Mujiya da zobe a ƙafa: wa ya sa mata, kuma daga ina take?

Wani ɗan'uwa daga Rigasa ya turo min tambaya, ya ce kwanakin baya cikin sanyin nan yara sun harbo wata 'yar ƙaramar mujiya da danƙo a kan darbejiyar bayan gidansu, da aka ɗaga ta sai ga zoben ƙarfe a ƙafa da lambobi da rubutun boko a jiki, kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka wai turo ta aka yi, aka zuba mata kananzir aka cinna wuta, zoben ma ba wanda ya yarda ya taɓa. Shi ne yake tambaya, wai da gaske ne akwai masu sa wa tsuntsaye zobe don bincike? Kuma daman mujiya tana tafiya mai nisa ne, don shi a saninsa inda ta wuni nan take kwana.

Malam na gode da ka tambaya, amma wallahi da na karanta sai da raina ya sosu. Na yi shekaru ina wannan aikin, tun muna ɗalibai ake tada mu kafin asuba mu je mu buɗe raga cikin raɓa, kuma na san yawan dare da ake kwana a daji kafin a samu zobe ɗaya tak ya dawo da labari. Amsar a gajarce ita ce e, akwai masu sawa, aiki ne na ilimi da aka shafe sama da shekara 120 ana yi, kuma e, akwai mujiyar da take tsallako teku da hamada ta zo har nan wajenmu. Amma ba kowace ba, kuma nan ne zancen yake da daɗi.

Bari in fara da zoben kansa. Wani malamin makaranta ne a ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Mortensen ya fara abun yadda ake yinsa yanzu a 1899, ya riƙa yanka ƙarfen alminiyon yana buga lamba da adireshi yana naɗawa a ƙafar tsuntsu, da fatan duk wanda ya tsinta zai rubuto masa wasiƙa. Dabarar ke nan gaba ɗaya, har yau ba ta canza ba. Ingila ta fara nata tsarin a 1909, Amurka ta buɗe ofishin gwamnati na wannan aikin a 1920, Afirka ta Kudu ta fara a 1948 kuma shi ne yanzu ake kira SAFRING, ƙasashen Turai kuma suka haɗa kansu ƙarƙashin EURING a 1963 don bayanan su riƙa haɗuwa waje ɗaya. Kowane zobe lambarsa daban, kamar lambar mota, babu biyu iri ɗaya a tsari guda, sai kuma ɗan gajeren adireshi. In ka ga an rubuta Museum Paris to na Faransa ne, Helgoland ko Radolfzell ko Hiddensee na Jamus, Sempach na Suwizalan, Ozzano na Italiya, Stockholm na Suwidin, London na Ingila. Babu batir a ciki, babu kyamara, babu komai, ƙarfe ne kawai mara nauyi wanda yake juyawa a ƙafa ba ya matse ta. Wanda ya sa ya rubuta a littafi cewa ranar kaza a wuri kaza na kama tsuntsu iri kaza, nauyinsa giram kaza. Shi ke nan sai jira. Ranar da wani ya tsince shi ya faɗi lambar, sai a samu wuri biyu da rana biyu, a ja layi tsakaninsu a taswira.

Kama mujiya kuma aikin dare ne kuma yana da nasa wahalar. Akwai wata raga mai siririn baƙin zare, tsawonta kamar mita 12, ana ɗaure ta tsakanin sanduna biyu, da dare ko kai mutum sai ka shige cikinta ba ka gani ba. Ana ajiye sifika a tsakiya a saka kukan namijin irin mujiyar da ake nema yana ta maimaitawa, duk wadda take wucewa ta sama sai ta sauko ta duba waye wannan, sai ta faɗa aljihun ragar. Duk bayan rabin awa ko ƙasa da haka sai an zaga da tocila, ba a barinta ta daɗe. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ka fara riƙe ƙafafu, don mujiya ba da baki take faɗa ba, da farce ne, kuma in ta damƙe ba ta saki da wuri. Sai a sa ta a jakar yadi ta natsu, a kai teburi, a matse zoben da filaya ta musamman, a auna fiffike da rula, a ɗora a sikeli. A yawancin mujiyoyi macen ta fi namijin girma da nauyi, don haka awon nan yana taimakawa a gane jinsi. Shekaru kuma akwai wata dabara da har yau in na gani sai na ce ikon Allah: in ka buɗe fiffiken ka haska shi da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, sabon gashi sai ya yi ja-ja yana ƙyalli, tsohon gashi kuma ya dushe, saboda wani sinadari da ke jikin sabon gashi wanda rana take cinyewa a hankali. In duk fiffiken ya yi ja bai ɗaya to 'yar bana ce, in ya yi dabbare-dabbare to ta kwana biyu a duniya. Bayan an gama sai a kashe fitila a bar ta cikin duhu na 'yan mintuna idonta ya dawo daidai kafin a sake ta. Hanya ta biyu ita ce a hau sheƙa a sa wa 'ya'yan tun kafin su fara tashi, wannan ya fi amfani ma don ka san ainihin inda aka ƙyanƙyashe su.

To me zoben ya koya mana? Ni yadda nake wa ɗalibai bayani shi ne mujiyoyi kamar mutanen garinmu suke. Akwai 'yan gida waɗanda ba sa zuwa ko'ina, akwai 'yan ci-rani masu tafiya su dawo duk shekara a kan lokaci, akwai kuma makiyaya masu bin abinci duk inda ya yi, bana nan baɗi can.

Abun da ka sani na cewa mujiya ba ta tafiya, gaskiya ne a kan 'yan gidan. Farar mujiyar nan mai faffaɗar fuska da take shiga silin ɗin makarantu da masallatai da tsofaffin sito, wadda 'ya'yanta suke huci da dare kamar mutum na minshari har a ce gidan da aljanu, ita in ta samu wuri ta zauna ke nan. 'Ya'yan ne kawai suke watsewa in sun girma. A Ingila an sa wa dubbai zobe, kuma abun da aka gani shi ne matsakaicin nisan da ɗa yake yi daga inda aka haife shi zuwa inda zai kafa nasa gidan kusan kilomita 12 ne, kamar daga Kawo zuwa cikin garin Kaduna ka ɗan wuce. Amma a tsakiyar Turai akan samu shekarar da ɓera ya yi yawa suka hayayyafa sosai, sai ɓeran ya ƙare kwatsam, to a irin wannan shekarar ana tsintar masu zobe a nisan da ya wuce kilomita 1,000. Akwai wata jar mujiyar kurmi a Turai da ta fi ta zaman gida ma, yawanci 'yan kilomita kaɗan take matsawa duk rayuwarta, kuma ba ta son tsallaka ruwa, shi ya sa tana cike da Ingila amma babu ita a tsibirin Ailan da ke maƙwabtaka. Namu na nan, babban dujin da ke zama a duwatsu irin su Kufena da na Kajuru, da 'yar mai farar fuska da jan ido da ake gani a bishiyoyin cikin gari, su ma duk shekara suna nan tare da mu.

Yanzu ga wadda ta sa hankalina ya tashi da na karanta saƙonka, tunda ka ce 'yar ƙarama ce kuma cikin sanyi. Akwai wata mujiya da masana ke kira Otus scops, tsawonta bai fi santimita 20 ba, nauyinta yana kai-komo wajen giram 100, wato in ka riƙe ta kamar ka riƙe ƙaramar waya. Launinta toka-toka sak ɓawon itace, in ta ga mutum sai ta miƙe ta tsuke jiki ta runtse ido ta ɗaga wasu 'yan tukkaye biyu a ka, ka rantse guntun reshe ne. A kudancin Turai take haihuwa, su Sifaniya da Faransa da Italiya da Girka, har zuwa Turkiyya da kudancin Rasha, can kowa ya san kukanta don namijin yana kwana yana busa sauti ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu zuwa uku. Abincinta manyan ƙwari ne, fara da gyare da buzuzu da malam-buɗe-littafi na dare, kuma ka san da sanyin Turai ya kama ƙwari ƙarewa suke, don haka daga watan Agusta zuwa Oktoba sai ta kamo hanya. Ta tsallake Bahar Rum, ta tsallake Sahara wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, ta sauka a yankin da ke kudu da hamada tun daga Senegal har Habasha, kuma arewacin Najeriya yana ciki. Daga birnin Rum zuwa Kaduna a miƙe kusan kilomita 3,500 ne. Tana isowa daidai lokacin da damina ta ɗauke fara ta cika gonaki da ciyayi, ta yi ci-raninta, wajen Maris zuwa Afrilu ta juya gida. A duk mujiyoyin Turai ita ce wadda ta mayar da tsallaka Sahara al'adarta ta kowace shekara, sai 'yan kaɗan daga cikinsu da suke zama a can kudancin Turai sosai inda sanyin bai da tsanani.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan abun Malam. Ɗan ƙaramin tsuntsu wanda aka halitta don ya riƙa tsalle daga reshe zuwa reshe yana cafke gyare, shi ne zai tara kitse a jikinsa ya tashi cikin dare a kan teku babu wurin sauka, da rana ya laɓe a gindin dutse ko wata 'yar ƙaya a tsakiyar rairayi, dare ya yi ya ci gaba. Kuma in ta zo nan shiru take yi, ba ta kuka sai nadiran, ga shi muna da tamu 'yar gida Otus senegalensis da suka yi kama kamar an tsaga kara, sai an riƙe a hannu an auna fiffike ake rabe su don ta Turai fiffikenta ya fi tsawo. Shi ya sa tana iya wuni a darbejiyar gidanka wata huɗu ba ka taɓa sani ba. An sa wa irinta zobe da yawa a Turai, amma waɗanda aka samu labarinsu daga kudu da Sahara 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Ka ga dalilin da ya sa na ce raina ya sosu. Lambar da ke ƙafar taku ita ce za ta faɗi ko ita ce ko ba ita ba.

A Amurka akwai labarin da ya nuna ƙarfin wannan aikin fiye da ko'ina. Suna da wata 'yar mujiya da suke kira so-wet, ita ma ba ta kai giram 100 ba galibi, da can an ɗauka ba ta da yawa kuma ba ta zuwa ko'ina, don ba a ganinta. A 1986 wani mai sa zobe a jihar Wiskonsin ya gwada saka kukan namijin a sifika kusa da raga, sai kamun ya ninka sau da yawa. A 1994 wani masani David Brinker ya kafa Project Owlnet, wato haɗakar tashoshin kamu, yanzu sun wuce 100 a Amurka da Kanada, yawanci 'yan sa-kai ne, malaman makaranta da 'yan fansho da ɗalibai, kowa yana kwana a tasharsa cikin Oktoba da Nuwamba. Amfanin yawan tashoshi shi ne ba sai tsuntsun ya mutu ba, wannan tashar ta sa zobe, bayan sati biyu wata tashar can kudu ta sake kama shi da ransa ta karanta lambar ta sake shi. Da aka tattara bayanan sama da 80,000 na tsawon shekara goma sai ga shi ashe tana cikin mujiyoyin da suka fi yawa a dazukan arewacin nahiyar, duk kaka tana gangarowa kudu, a matsakaici kamar kilomita 10 a dare, kuma kusan duk shekara huɗu akan samu ambaliyarsu saboda ɓeran daji ya yi albarka an ƙyanƙyashe 'ya'ya da yawa. An kuma lura mafi yawan waɗanda ake kamawa mata ne. Wani ɓangare na dalilin shi ne kukan namiji ake sakawa, amma ko an cire wannan akwai alamar cewa manyan mazan sun fi zama kusa da gida suna tsare wurin sheƙa, matan da 'ya'ya ne suke yin nisa. Irin haka aka gani a Finlan a wata 'yar'uwarta, namiji yana nan a ramin bishiyarsa, mace kuwa in ɓera ya ƙare sai ta yi ɗaruruwan kilomita. A 1999 ma wata so-wet ta sauka a kan jirgin masunta a tekun Atlantika, kusan kilomita 110 daga gaɓa.

Makiyayan kuwa sarauniyarsu ita ce farar mujiyar ƙanƙara ta can ƙuryar arewacin duniya. Rayuwarta a ɗaure take da wani ɗan ɓeran ƙanƙara da ake kira lemin, wanda yake yin yawa shekara ɗaya ya ɓace shekara biyu ko uku, inda ya yi yawa nan take sauka ta yi ƙwai, inda babu ko kallon wurin ba ta yi. A 1960 wani masani David Parmelee ya sa wa 'ya'yan sheƙa ɗaya zobe a tsibirin Biktoriya na arewacin Kanada. An tsinci ɗaya a kudancin lardin Ontariyo, ɗaya a bakin tekun Hudson, ɗaya kuma a tsibirin Sakhalin na ƙasar Rasha, sama da kilomita 5,000. Uwa ɗaya uba ɗaya sheƙa ɗaya. A sanyin 2013 zuwa 2014 mujiyoyin ƙanƙarar sun kwararo kudu da yawan da aka daɗe ba a gani ba har aka ga wata a jihar Filorida ta Amurka, kuma mutane suka ɗauka yunwa ce ta koro su, amma da aka kama aka auna sai aka ga da yawansu 'yan bana ne masu ƙiba, wato haihuwa ce ta yi albarka a arewa har wuri ya yi musu kaɗan. Wannan ma darasi ne, ido kaɗai yana yaudara, sai an ɗora a sikeli.

Akwai wata makiyayiyar da ta shafe mu, mujiyar fadama mai gajerun tukkaye wadda take farauta tun kafin magariba tana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa, jifa-jifa takan iso har yankin Sahel da bakin tafkin Cadi. Masanan ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO a Ingila da abokan aikinsu sun ɗaura wa guda 47 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam a Aislan da Sikotlan da Sifaniya, sakamakon ya fito a 2024. Wata daga Sikotlan ta kai har Maroko, wata macen ta ƙyanƙyashe a Sikotlan ta bar wa mijin renon ta tsallaka teku zuwa Nowe ta sake wata sheƙar, kuma an samu wadda tsakanin sheƙarta ta bana da ta baɗi ya wuce kilomita 4,000.

Tunda na ambaci na'ura, wani zai ce to me ya rage wa zobe? Gaskiya zobe yana da rauni kuma mu masu aikin mun fi kowa sani. Wuri biyu kawai yake ba ka, farko da ƙarshe, abun da ya faru a tsakani babu. A ƙananan tsuntsaye in ka sa wa ɗari da kyar ka ji labarin ɗaya. Sannan babban raunin, taswirar da ake zanawa da zobe rabinta taswirar mutane ce, inda akwai titi da mota ke buge mujiya da kuma mutumin da zai tsaya ya duba ƙafarta ya kai rahoto nan ɗigo yake yawa, inda babu mai kai rahoto sai wurin ya fito fari fat kamar tsuntsu bai taɓa zuwa ba. In ka buɗe taswirar tsuntsayen Turai za ka ga Turai ta cika da ɗigo baƙi ƙirin, ka gangaro ƙasar Hausa sai ɗaya nan ɗaya can, alhali an ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kusan biliyan 2 ne suke shigowa Afirka daga Turai duk shekara. Amma na'ura tana da tsada sosai, tana da nauyin da 'yar ƙaramar mujiya ba kowace za ta ɗauka ba, batirinta yana mutuwa, masu aiki da hasken rana kuma ka ga matsalar tsuntsun da yake wuni a inuwa. Zobe kuwa araha ne, ana sa wa dubbai, kuma yana nan har tsuntsun ya mutu, da shi ake sanin shekara nawa suke rayuwa da abun da ke kashe su. Don haka tare suke tafiya.

Kuma kar a ɗauka abun na Turawa ne can. Tun shekarun 1960 ake sa zobe a ƙasar nan, a Kano da Vom da Malamfatori a bakin tafkin Cadi, kuma tsuntsayen da aka sa wa a nan an tsince su a Turai. A Zariya ma an yi binciken tsuntsaye mai zurfi a jami'ar Ahmadu Bello a wancan lokacin. Yau akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin jami'ar Jos, tun 2002 take horar da 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma, kuma ana sa zobe a can a kai a kai. A Ebbaken kusa da Boje a jihar Kuros Riba inda tsattsewa take kwana da miliyoyi, zobban da mutanen ƙauye suka cire suka adana su ne suka nuna daga ƙasashen Turai take zuwa. Mutanen ƙauye ne fa, ba masu digiri ba. Mu da muka san shamuwa tana zuwa da damina ta tafi da kaka tun kaka da kakanni, bai kamata tafiyar tsuntsu ta zama mana abun tsoro ba.

Maganar turowa kuma, ban raina tsoron mutane ba, a cikinsa aka raine mu duka, har ma in an tsani mutum cewa ake an mayar da shi mujiya. Asalin wannan maganar abu ne da ake gani da ido, ƙananan tsuntsaye in sun gano ta da rana sai su taru a kanta suna ihu don sun san tana cin irinsu. Amma ga wanda yake Musulmi, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da ya kore camfi da tsuntsaye, har aka ambaci hama a ciki, wadda malamai da dama suka fassara da mujiyar da Larabawan jahiliyya suke camfawa in ta sauka a kan gida. Kuma asarar a kanmu take faɗawa, don farar mujiyar silin ita da mijinta da 'ya'yansu suna cin ɓera dubbai a shekara, har a Malesiya manoman kwakwar manja akwatuna suke kafa musu a gona don su zauna. Mu kuma mu kashe ta, mu sayi maganin ɓera, wadda ta rage ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta bi shi. Wani farin angulu da aka ɗaura wa na'ura a Girka ya tsallake teku da hamada lafiya, a 2014 aka harbe shi a kudancin Nijar don a sayar da sassan jikinsa ga masu tsubbu. Wannan kasuwar tana cin mujiya ita ma, duk mai shiga kasuwanninmu ya gani a shimfiɗe.

To in an sake samun irin wannan ga abun yi. Da farko a duba a tabbatar irin zoben ne, don masu kiwon tattabaru ma suna sa na roba mai launi ko waya, kuma wanda ya taɓa riƙe mujiya a gida yana iya ɗaura mata wani abu, na bincike dai ƙarfe ne da aka buga wa lamba da sunan gari ko cibiya. In tsuntsun yana da rai kar a cire zoben, kar a ja ƙafar, a lulluɓe shi da zani ko tawul a riƙe ƙafafun, a juya zoben a hankali a ɗauki hoto ta kowane gefe har lambar ta fito duka, don harafi ɗaya in ya ɓace shi ke nan an rasa, sannan a ajiye shi a kwali mai huji a wuri mai duhu, magariba ta yi a sake shi inda aka same shi. In ya mutu sai a cire zoben a buɗe shi a shimfiɗe a adana. A rubuta rana, da sunan unguwa ko ƙauye da ƙaramar hukuma, da yadda aka same shi, ko danƙo ne ko mota ko tsintarsa aka yi, kuma a faɗi gaskiya don ba wanda zai kama ka, bayanin kawai ake so. A ɗauki hoton tsuntsun gaba ɗaya har da fiffike a buɗe. In zoben Turai ne akwai shafin ring.ac da ake cike bayanin a intanet, in na SAFRING ne su ma suna da nasu shafin, in abun ya yi maka wuya ka nemi mutanen APLORI ko sashen nazarin dabbobi na jami'ar da ke kusa da kai. Yawanci sukan dawo maka da amsa, su gaya maka ranar da aka sa da garin da aka sa da nisan da tsuntsun ya yi. Kuma don Allah kar wani ya ce zai fara sa wa tsuntsaye zobe da kansa, aikin sai da horo da izini, zoben da bai yi daidai da ƙafa ba gurgunta tsuntsu yake.

Sannan Malam, ina roƙonka abu ɗaya. Alminiyon sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa, na baƙin ƙarfe ma ya fi haka nesa, 'yar wutar kananzir ta minti biyar a fili sau da yawa baƙi kawai take sa masa. Ka koma inda aka ƙona ta ka sa tsinke ka tona tokar da ƙasar wurin, in yara sun share ka tambaye su inda suka zubar. In ka same shi kar ka kankare da wuƙa, ka wanke da ruwa da sabulu da tsohon burushi, ka shimfiɗa shi a farar takarda ka ɗauka da rana ka turo min hoton, ni zan cike maka fom ɗin.